Rawanin Zango Ɗaya

Illela,
Ranar Asabar, bayan La'asar.

Zuwa ga ɗana Halilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Babana, ina gaishe ka gaisuwar uban da ɗansa ya ci sunan mahaifinsa, har bakinsa bai taɓa iya kiran sunan gatsau ba. Ina roƙon Allah ya sa motar da za ta ɗauke ka gobe ta sauke ka ƙofar jami'a lafiya. Ya tsare ka daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa, ya tsare ka a ɗakin kwananka da ɗakin karatunka, da inda idona ke kaiwa da inda ba ya kaiwa.

Ka san ni ba mutumin rubutu ba ne. Aji shida na firamare na tsaya, kuma tun da na bar makaranta aikin biro a hannuna bai wuce lambar taya da sunan kayan gyaran babur ba. Sai ka yi haƙuri da wannan tonon kazar. Da maganar da zan iya sa ƙanwarka ta rubuta min ce, da na sa ta, amma ba irinta ba ce. Kwana huɗu ke nan ina neman bakin da zan yi maka ita. In ka shigo shago sai in buɗe baki, in ji kaina ina tambayarka ko ka ci abinci. Ni da ake cewa na fi injin niƙa surutu, na kasa. Gaskiyar magana tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar da ƙafata ta karye.

Ba labarin gari zan ba ka ba, kana cikinsa. Laifina zan faɗa maka, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bari in fara da na kusa. Ka tuna ranar da ka kira ni a ƙarshen zangonka na farko, ka ce an kafe sunanka a allon sanarwa cikin jerin ɗaliban da suka yi fice, har shugaban tsangayarku ya sa hannu a takardar yabo. Ina tsugune ina kwance wa wani ɗan kabu-kabu sarƙar babur, sifana ta kuɓuce ta faɗo min a yatsa, ban ko ji zafi ba. Ban tsaya na tambaye ka komai ba. Ban ce mece ce ƙa'idar abin ba, ban ce har yaushe sunan zai zauna a allon ba. A nawa kan, abin da aka rubuta, aka sa hannu, aka buga hatimi, ya zauna ke nan. Mu nan haka muka san girma. In aka naɗa mutum Sarkin Tasha ko Sarkin Shanu, rawaninsa ne har tsufa, ko ciwo ya kwantar da shi ba a kwance masa. Na ɗauka kai ma naɗa ka aka yi.

Da ka dawo hutu, ni da abokaina na layin masu kayan babur muka haɗa walima. Aka yanka rago, innarka da maƙwabta suka toya waina har hannu ya gaji, danginmu na Ƙwanni suka tsallako iyaka a cike da mota. Ana cikin ci sai Alhaji Bawa, shugaban layinmu, ya zaro sabon rawani daga leda, ya zaunar da kai a kan tabarma, ya naɗa maka, ya ce daga yau kai ne Sarkin Boko na Illela. Wasa ne, kowa ya san wasa ne, amma ka san wasan garin nan, in ya kama mutum ba ya saki. Maroƙi ya ɗaga murya ya ce, “Ɗan Inji! Barewa ba ta gudu ɗanta shi yi rarrahe!” Inji kuwa ni ne, sunan da aka laƙaba min lokacin da nake kabu-kabu, zan zo kan wannan. Ranar kaina ya yi girman da ƙofar zaure ta kusa yi masa kaɗan.

Na dubi fuskarka a ƙarƙashin rawanin, na ga kana zufa kana murmushin yaƙe, na ce kunya ce. Ka matso kusa da kunnena ka ce, “Baba, abin ga ba haka shike ba.” Na ce, “Kai dai yi shiru, yau ranakka ta.” Ka yi shiru kuwa, don kai yaro ne mai jin magana.

Sai a wannan hutun, da ka zo da takardar yabo ta biyu, na yi tambayar da ta kamata in yi tun bara. Na ce, “Mi ya sa anka sake ba ka? Waccan ɓacewa ta yi?” Ka ce, “Baba, ai ba naɗi na ba. Kowane zango sai an share allon an sake rubutawa. Sai makin mutum ya kai huɗu da rabi cikin biyar. In ya gaza ko da ƙiris, an hidda shi.” Na ce, “To wanga karon fa?” Ka ce, “Da ƙyar.” Ka faɗi haka kana kallon ƙasa kamar wanda aka kama da kayan sata, alhali takardar yabo ce a hannunka.

Bayan ka fita na zauna ina naɗe yatsu. Karatun injiniya shekara biyar ka ce, zango goma ke nan. Biyu sun wuce, saura takwas. Ashe rawanin da muka ɗora maka muna dariya, sai ka sake ƙwato shi sau takwas, kai kaɗai, a garin da ba ka da kowa. Ga shi kuma duk inda ka bi a Illela, daga tasha har bakin iyaka, Sarkin Boko ake kiranka. Masu canjin sefa na ɗaga maka hannu, tsofaffin ƙauyen Amarawa in sun zo kasuwa suna nuna ka ga jikokinsu. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wannan ni na ja shi, amma kai yake duka.

Don haka ga shawarata. Kada ka sake barin wani ya yi maka biki a kan abin da bai fahimta ba, ko da ubanka ne. Ka tsayar da shi ka yi masa bayani, in ya ce ka yi shiru ka sake faɗa. Jerin nan abu ne mai kyau, ban raina shi ba, ban kuma ce ka je ka miƙe ƙafa ba. Amma malamanku sun fi mu hankali da suka sa shi zango-zango. Sun san ɗan Adam, yau lafiya gobe zazzaɓi, wannan darasi ya zo da sauƙi wancan ya zo da tauri. Su sun bar wa mutum ƙofar fita da ƙofar dawowa, wanda ya faɗo bana yana iya hawa baɗi, ba wanda zai ce masa don me. Mu ne nan gida muka toshe ƙofar da rago da waina.

Laifi na biyu ya fi wannan muni, don na farko jahilci ne, wannan kuwa idona biyu na yi shi. Ka sauko daga mota wannan hutun, wandonka na neman zamewa, ƙashin wuyanka a waje. Tuwo loma uku ka tsame hannu. Kai da ko kaza ba ka kora da tsawa, ka daka wa ƙanwarka wadda ta sa ta kuka don kawai ta kunna rediyo. Duk na gani. Me na yi? Na tafi layi ina washe baki ina cewa, “Ku dibi Sarkin Boko, karatu ya cinye shi!” Sai ka ce rama ma wata takardar yabo ce.

Innarka ce ta tare ni a zaure wata safiya zan fita. Ta ce, “Malam, idon yaron ga, na taɓa ganin irinai cikin gidan ga.” Tun kafin ta rufe baki na gane inda ta dosa, amma na ce, “Ke dai kin cika zargi. Yunwar makaranta ta, ki dama mai hura.” Ta ɗauki tsintsiyarta ta koma ciki.

Ranar Talata maratayin jakarka ya tsinke, ka bar ta a tsakar gida ka tafi gaida kawunka. Na ce bari in kai wa baduku kafin ka dawo. Ina zazzage ta don kada a ɓatar maka da wata takarda, sai na ji wani abu na ƙyas-ƙyas a ƙaramin aljihun ciki, wanda ke ɓoye a ƙarƙashin shafi. Kati huɗu na ƙwaya, ɗaya an ɓalle rabinsa. Ba sai an karanta min sunan ba. Kullum ina share irinsu a ƙofar shagona, samarin kabu-kabu na ɓallewa su jefa cikin shayi su yar da takardar. Na zauna a kan turmin innarka, ban san iya lokacin da na yi a nan ba.

Ban yi fushi da kai ba. Ka karanta wannan layin sau biyu. Da wane baki zan yi fushi?

Abin da zan ce a nan kaɗan ne. In wanda ya fi ka gani ya ce ya ga wani abu a jikinka, ka saurara, kada ka yi masa irin amsar da na yi wa innarka. Mutum shi ne na ƙarshen ganin ramarsa.

Yanzu ga maganar da ban taɓa faɗa wa ko ɗaya cikinku ba. Kun tashi kun ga ubanku na ɗingishi, aka ce muku akuya ce ta gitta masa a hanyar Ƙwanni ya faɗi da babur. Babana, ba wata akuya.

Kana goye a bayan innarka lokacin. Ina kabu-kabu tsakanin tashar Illela da Ƙwanni, in ɗauki mutum, in ɗauki buhun albasa, jarkar mai, tunkiya a ɗaure, duk abin da babur zai iya ɗauka da wanda bai kamata ya ɗauka ba. Akwai wata Laraba, ranar kasuwar Ƙwanni, da na yi sawun da ba wanda ya taɓa yin irinsa a tasharmu. Ba wani sirri, ƙuruciya ce da sa'ar fasinja. Ranar aka sa min Inji, wai ba na gajiya. Wallahi na fi jin daɗin sunan nan a kan abin da na samu a ranar. Laraba ta zagayo, kowa ya zuba ido ya ga Inji. Na yi, da ƙyar. Ka ga kalmar nan taka, ni ma na san ta. Laraba ta uku jikina ya ce bai san zancen ba. Sai wani abokin aikina ya ja ni gefe ya ce akwai abin da ke hana gajiya, rabi kawai zan sha, ranar kasuwa kawai. Allah ya jiƙansa, shi bai kai shekara arba'in ba.

Rabi ya zama ɗaya, ɗaya ya zama biyu. Da farko Laraba ce kawai, sai Lahadi ta shigo tunda ranar kasuwarmu ce, daga nan sauran ranakun suka bi sahu. Abin da ba wanda ya gaya min shi ne, ƙwaya ba ta ƙara wa mutum ƙarfi ko na sauro. Bakin jiki take toshewa don kada ya gaya maka ya gaji. Gajiyar kuwa tana nan inda take, tana taruwa, tana jiran ranarta.

Ranar ta zo cikin bazara, rana tsaka, ban sa komai a cikina ba sai shayi da ita. Wani dattijo Bafillace ya tsayar da ni a bakin tasha, da sandarsa da malfarsa da ƙwaryar man shanu ƙulle a zane, zai je Ƙwanni barkar 'yarsa da ta haihu. Yana hawa ya ce, “Yaro, sannu-sannu, ban saba da abin ga ba.” Na yi dariya na ce, “Baffa, Inji ka hau, kahin ka ƙare bisimilla mun isa.” Mun wuce shingen iyaka da kaɗan. Abu na ƙarshe da na tuna, yatsuna sun ƙi sakin totur, haƙorana sun datse, hanya ta koma fari fat. Na farka a gefen titi mutane a kaina, bakina cike da jini don na ciji harshe, ƙafata ta juya inda ba ta saba kallo ba. Man shanun na gefe yana narkewa cikin yashi. Wani daga cikin mutanen ya ce ai kamar ya ga akuya ta gitta. Na cafe maganar nan da hannu biyu, kuma tun ranar baiwar Allah akuyar nan da ba a haifa ba take ɗauke da laifina.

Dattijon shi ne Baffa Sambo na rugar bayan Lafani, wanda nake ɗaukarka muna zuwa gaishe shi kowace Sallah. Kana ƙarami ka taɓa tambayata don me yake miƙo hannun hagu, na ce ka bar tambayar manya. Hannun damansa ya karye wuri biyu, ɗori bai kama daidai ba. Makiyayin da ba ya iya jan guga ba ya iya shayar da shanu da rani. Ya miƙa garkensa ga 'ya'yan ƙanensa ya koma zaman bukka, mutumin da ƙafarsa ta san kowace rijiya daga nan har can arewa.

Da na fara takawa da sanda na je duba shi. Ya sallami mutanen da ke wurin, ya rage daga ni sai shi. Ya ce, “Ummaru, ba akuya bisa hanyar can. Ina riƙe da kai. Na ji bayanka ya sandare kamar icce tun babur na tahiya daidai.” Na fashe da kuka a gaban tsohon nan kamar yaron goye. Ya bari sai da na gaji, sannan ya ce, “Na yahe maka. Amma kak ka sake bari wani shi hau bayanka da abin ga cikin cikinka.” Har yau bai faɗa wa kowa ba. Ni kuma na ɗauki shirunsa na yi bargo da shi, na bar ku kuna tashi kuna jin ana kiran ubanku Inji da alfahari, ba ku san abin da ke cikin tankin ba. Da na faɗa maka tun kana sakandare, wataƙila ranar da aka miƙo maka rabi da ka gane muryar.

Ga abin da ke hana ni sukuni. Ni da na faɗi, a kan hanya na faɗi ranar kasuwa, jama'a suka kwashe ni. Kai a ina za ta same ka? A ɗaki kai kaɗai, ka sa sakata don kada a dame ka da surutu? A matakalar bene? Kana tsallaka titi da littattafai a hannu? A ɗakin jarrabawa, biro tsakanin yatsu? Tun ranar Talata duk wayar da ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, alhali kana cikin gida ina jin motsinka. To ina ga gobe in mota ta tashi. Kirarin nan na barewa da maroƙi ya yi, wanda ya sa na yi masa kyauta har da hulata, yanzu in na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi.

Kada ka ce ai kai ba ka ɗauki fasinja ba. Ka ɗauka. Innarka na bayanka, ƙannenka na bayanka, ni ma ga ni nan a can ƙarshen kujera da gurguwar ƙafata.

Na san abin da za ka ce, don na faɗa wa kaina irinsa. Za ka ce lokacin jarrabawa ne kawai, in an gama za ka bari. Da baduku ya gama ɗinki na mayar da su yadda na same su. Ranar Alhamis na sake dubawa, ƙwaya biyu sun ragu. Babana, ba a jarrabawa a gidan nan.

Ba zan yi maka ƙarya in ce bari na da sauƙi ba. Ni karaya ce ta kwantar da ni, ba ƙafar zuwa saye, kuma innarka ce ta sha wahalata. Zufa, rawar sanyi cikin zafin bazara, ciwon gaɓoɓi da ya fi na karayar, ga baƙar magana da na riƙa yaɓa mata tana shanyewa. Kai kada ka yi shi kai kaɗai, kada kuma ka yanke lokaci guda da ƙarfin tsiya. Ka je asibitin makaranta ka nemi likita, ka gaya masa gaskiya, nawa kake sha, tun yaushe. Su sun san yadda ake sauko da mutum a hankali, kuma ba kai ne na farko da za su gani ba. Kunyar ba ta wuce ta shiga ƙofa. Ka je wurin malamin nan da ka ce shi ke ba ku shawara kan darussa, ka ce masa kaya sun yi maka nauyi, ya duba abin da za a iya sassautawa. Ka samu mutum ɗaya mai hankali cikin abokan ɗakinka ya san halin da kake ciki, ka kuma daina sa sakata.

Ka ci abinci, ko ba daɗi. Ka yi barci irin na mutane. Ka yi karatu iyakar abin da kan da ya ci ya yi barci zai iya ɗauka, ka bar sauran ga Allah. In hakan ya kai huɗu da rabi, Alhamdulillahi, sunanka ya hau allo mu yi godiya a cikin ɗaki, ba rago ba maroƙi. In ya tsaya a huɗu, ko uku da wani abu, ranar da ka gama injiniya dai za a kira ka. Ba wanda zai hau gadar da ka gina ya tsaya tambayar makinka na zango na uku. Sannu ba ta hana zuwa, na ji wannan karin maganar tun ina yaro, amma sai da na rasa ƙafa na yarda da ita.

Jiya bayan Juma'a na tara mutanen layinmu a inuwar shagon Alhaji Bawa. Na ce musu ni na jawo kuskure, abin nan na jami'a ba sarauta ba ce, kowane zango sharewa ake yi, yau kana ciki gobe ba ka ciki, kuma ina roƙon a bar kiran ɗana da sunan nan. Alhaji Bawa ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, “To mi kaka so, Ummaru? Mu kwance rawani?” Na ce, “Ku kwance.” Suka ga ba wasa a fuskata. Wani ya ce haba, ai yabo ba ya kisa. Sai na ba su labarin akuyar, tun daga rabin farko har maganar Baffa Sambo. Cikinsu akwai waɗanda suka ɗauke ni daga gefen titi ranar. Da zan tashi Alhaji Bawa ya riƙo hannuna ya ce, “An kwance.” Ban ambaci jakarka ba, ba kuma zan ambata ba. Ko innarka ban faɗa mata da baki ba, ko da yake ba na jin akwai abin da zan faɗa mata wanda ba ta riga ni sani ba.

Ba zan iya rufe bakin gari duka ba. Masu canji za su ci gaba da ɗaga maka hannu na ɗan lokaci, ka ɗaga musu ka wuce. Garin nan mai saurin mantuwa ne. Sunan da na karya ƙafata da hannun bawan Allah don in riƙe, yau yaran tasha ba su ma san shi ba, Baba Mai Taya suke ce min. Don haka in an kafe allo ba ka ga sunanka ba, kada ka ɓuya, kada ka ƙirƙiro dalilin ƙin zuwa hutu. Ka hau mota ka taho. Za ka same ni a tasha tsaye inda ka same ni wancan karon.

Saura magana ɗaya. Yau da hantsi da ka tafi aski na sake buɗe aljihun. Na kwashe su na nufi masai, na tsaya a bakinsa da su a hannu. Sai na tuna yadda jiki ke yi in an yanke masa lokaci guda, na tuna za ka kasance a mota ko a ɗaki ba kowa naka, na kuma san za ka fita ka sayi wasu a hannun wanda ban sani ba. Na kasa zubarwa. In na gama rubutun nan zan naɗe su a cikin takardar, in mayar inda suke. Hannuna ya ɗauki kaya iri-iri a duniya, bai taɓa ɗaukar mai nauyin wannan ba.

Saboda haka in kana karanta wannan wasiƙa, na san inda kake zaune, na san abin da hannunka ya zo nema. Ga su nan, ban cire ko ɗaya ba. Abu ɗaya nake roƙo, kuma uba ne ke roƙon ɗansa. Kafin ka ɓalle, ka kira ni. Ba sai ka yi bayani ba, ba sai ka ba da haƙuri ba. Ka ce, “Baba, na gani.” Zan rufe shago in hau motar farko, mu shiga wurin likitan tare, ni zan fara ba shi nawa labarin.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare min kai, ya sa hannunka ya fi ƙarfin abin da ke cikinsa yanzu. Ya dawo min da kai da ƙafafunka da hankalinka, da suna a allo ko babu. Innarka da ƙannenka na yi maka addu'a. Wayata na aljihun gaba, na sa ƙanwarka ta ƙure mata ƙara.

Ina jira.

Mahaifinka,
Ummaru.